Lambun Bayan Gida: A Fara da Shawarar Ruwa

A cikin jawabinmu na kimiyya na wannan mako za mu yi magana a kan yadda a ke tsara filin bayan gida, watau inda a ke haɗa lambu da daɓen dutse da kwamin wanka wuri guda. Da yawa daga cikinku da ke zaune a Amurka ko Ingila ko Saudiyya kun ga irin waɗannan gidaje, waɗansu ma suna cikinsu. Abin da mu ke so mu nuna muku shi ne, duk ukun nan ruwa ke mulkinsu. Wanda ya fara da tambayar inda ruwa zai fito, da inda zai tsaya, da inda zai gangara, ya tsare gidansa da dukiyarsa, har ma da ran 'ya'yansa.

Za mu ɗauki misalinmu daga Kalifoniya, a yammacin Amurka. A can yanayi ya sha bamban da na ƙasar Hausa. Ruwan sama yana sauka ne a lokacin sanyi, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, sa'an nan watannin zafi su wuce kusan ba ɗigo. A wannan ƙasa aka yi wani gwanin tsara lambu, Thomas Church, wanda ya rayu daga 1902 zuwa 1978. Ra'ayinsa shi ne a mai da bayan gida kamar wani ɗaki marar rufi, inda iyali za su zauna su ci abinci, yara su yi wasa. Ga wanda ya tashi a tsakar gida wannan ba sabon zance ba ne.

Aikinsa da ya fi suna shi ne lambun Donnell a Sonoma, wanda aka gama a 1948. Ya sa aka yi kwamin da siffar ƙoda, ba mai kusurwa huɗu ba, domin ya yi kama da lanƙwasar ƙoramun fadamar da a ke hangowa daga tudun. A wurin ya tarar da manyan itatuwa irin waɗanda Turawa ke kira oak. Bai sare su ba, sai ya shimfiɗa dandamalin katako ya bar wa kowace kafar da za ta fito. Irin wannan itace ta saba da rani busasshe, in aka riƙa zuba mata ruwa a gindi cikin zafi, wata irin funfuna takan kama saiwarta ta kashe ta. Darasi na farko ke nan: a duba abin da aka tarar a wurin, a san ruwan da ya saba da shi, kafin a sa magirbi a ƙasa.

To, bari mu dubi kwamin. Ku ɗauka tsawonsa ƙafa 30 ne, faɗinsa ƙafa 15, zurfinsa kuwa ƙafa 5. Ruwan da zai ci ya kai lita 63,000, watau kimanin garwar kananzir 3,500, nauyinsa kuwa ya haura ton 60. Saboda haka ba a haƙa shi daf da harsashin gida, ko a kan ƙasar da aka cike ba a daddale ta ba. Akwai kuma wani abin mamaki. In aka kwashe ruwan kwami sarai alhali ƙasar da ke kewaye da shi ta jiƙe sharkaf, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana iya ɗago shi kamar kwale-kwale ya tsattsage.

Amfanin ruwa a lambu shi ne sanyaya iska, kamar yadda randa ke sanyaya abin da ke cikinta. Dalili kuwa, kafin ruwa ya zama tururi sai ya zuƙi zafi mai yawa daga abin da ke kusa da shi. Zafin da a ke bukata domin a mai da ruwa tururi ya ninka wanda a ke bukata a ɗauko shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa sau biyar da ɗoriya. Amma wannan sanyi ba kyauta ba ne. In rana da iska suka sha rubu'in inci daga kwamin nan namu a yini guda, an yi asarar kusan garwa 15 ke nan. Maganin abin shi ne a rufe shi da mayafinsa in ba a amfani da shi, a kuma dasa shinge a gefen da iska ke tasowa.

Sai batun dutse. Baƙin dutse yana shan zafin rana da yawa ya riƙa sakinsa da dare, mai haske kuwa yana mai da yawancinsa. Don haka a bakin kwami, inda a ke tafiya ba takalmi, akan zaɓi dutse mai haske mai kaushi, gama mai santsi in ya jiƙe yana ka da mutum. Kowane daɓe sai a karkata shi kaɗan, kamar rubu'in inci a kowace ƙafa, ya ba gida baya. Kada ku raina ruwan da ke sauka. Ruwan sama inci 1 a kan rufi mai faɗin murabba'in ƙafa 1,000 yana ba da wajen garwa 130. In bai sami hanya ba, harsashin gida zai nufa. Amma in aka tara shi a tanki, ko aka bar rata tsakanin duwatsu aka cika da tsakuwa don ya nutse, sai ya zama abincin lambu.

Inda fili ke da gangare akan gina katangar dutse don ta tokare ƙasa. Mafi yawa abin da ke ka da irin wannan katanga shi ne ruwan da ya taru a bayanta, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya nauyi da turi. Magini na ƙwarai yakan zuba tsakuwa a bayan katangar, ya bar 'yan kafofi a gindinta inda ruwan zai tsiyaye. Ku da ke ƙasashen sanyi kuna da ƙarin abin lura: ruwa in ya daskare yana kumbura da kashi 9 cikin 100, saboda haka dutsen da ke tsotsar ruwa yakan fashe a cikin hunturu.

Shuke-shuke ma da ma'aunin ruwa a ke zaɓensu. Mutanen Kalifoniya sun koyi wannan da wahala a farin da aka yi daga 2012 zuwa 2016. A 2015 Gwamna Jerry Brown ya ba da umurni garuruwa su rage ruwan da su ke amfani da shi da kashi 25 cikin 100. Mutane da yawa suka tuge koriyar ciyawar ado, wadda ba ta ƙoshi da ruwa, suka dasa masu jure ƙishi. Zaitun da rumman da ɓaure duk suna cikin irin waɗannan. Ƙa'idar ita ce a tara masu son ruwa wuri guda, masu haƙuri wuri guda, a rufe gindinsu da ɓawon itace ko busasshen ganye, a kuma ba su ruwa da tiyo mai ɗiga a hankali. Manyan itatuwa kuwa a nisanta su da kwami da daɓe, don kada saiwa ta ɗaga su.

Saura abubuwa biyu da suka shafi rai. Na farko sauro. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi mako guda ne ko kwana goma. A 2007, sa'ad da mutane da yawa suka kasa biyan bashin gidajensu a garin Bakersfield suka tashi, kwamin da aka bari ba kulawa ya zama maƙyanƙyasar sauro, aka kuwa sami ɓarkewar zazzaɓin da a ke kira West Nile. Hukumomin lafiya na jihar sukan raba waɗansu ƙananan kifaye masu cin tsutsar sauro don a zuba a irin wannan ruwa. Masu sauraronmu na Gana da Kamaru da Cadi da Sudan, inda zazzaɓin cizon sauro ya ke, su suka fi kowa bukatar wannan gargaɗi: ruwan ado lalle ne ya riƙa gudana, ko a sa masa kifi, ko a riƙa sauya shi kowane mako.

Na biyu nutsewa. A Amurka babu abin da ya fi nutsewa a ruwa kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4, kuma yaro yana nutsewa ne shiru, ba kuka ba kururuwa. Shi ya sa Faransa ta kafa doka a 2003 wadda ta tilasta wa masu kwami a gida su sa abin tsaro. Abin da ya fi amfani shi ne shinge mai tsawon ƙafa 4 ko 5 wanda ya kewaye kwamin ta kowane gefe, ya raba shi da gidan, da ƙyaure mai rufe kansa. Kuɗin shingen nan a sa shi cikin lissafi tun kafin a haƙa rami.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. In za ku tsara bayan gida, ku jira ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ku fita ku ga inda ya bi da inda ya kwanta, ku zana a takarda. Daga nan ne za ku san wurin kwami, da wurin dutse, da wurin itace.