Darasin Kasuwanci: Yadda Ake Jigilar Manyan Kifayen Ado Zuwa Nesa

Daga cikin kayayyakin da ake fitarwa daga Nijeriya ta filin jirgin sama na Murtala Muhammed da ke Legas akwai kifayen ado masu rai, waɗanda masu sha'awa a Turai da Amurka da Japan kan ajiye a cikin akwatin gilashi. Kifaye irin su ɗan sarki da minjirya da gaiwa, da masunta ke sayarwa don miya, suna da masu nemansu a can. Amma dillali ba ya biyan kuɗin kifin da ya isa matacce, kuma kuɗin jirgin da aka biya ba ya dawowa.

Abin da ya fi kashe babban kifi a hanya shi ne dattin jikinsa. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta matsefinsa, kuma a cikin rufaffiyar leda gubar taruwa take yi. Saboda haka ake hana shi abinci kwana 2 zuwa 3 kafin tafiya, har fiye da haka idan babba ne. Mai ciyar da kifi a daren tafiya don tausayi asara yake jawo wa kansa.

Kowane babban kifi ledarsa daban. A riɓanya leda mai kauri biyu ko uku, a ɗaure kusurwoyinta don kada kan kifin ya maƙale. Ruwa kashi ɗaya bisa uku, sauran kashi biyun iskar oksijin. Kurungu yana da ƙayoyi masu huda leda, don haka a sa takardar jarida tsakanin ledojin, ko a yi amfani da mazubin roba mai murfi. Gaiwa kuwa iskar sama take shaƙa. Ruwa kaɗan da sarari a samansa sun ishe ta.

Daga nan sai a sa ledar cikin akwatin soso mai riƙe sanyi da ɗumi, a rufe da kwali. Duhu yana kwantar da kifi. Zafin ruwa kada ya yi nisa da digiri 24, domin zafi yana ƙara numfashi, oksijin ya ƙare da wuri. Wannan ne ya sa tafiyar mota daga Kainji zuwa Legas ta fi dacewa da dare. Ƙa'idar ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta IATA ita ce a shirya kifi yadda zai jure sa'a 48 ba tare da kulawa ba. Kuma tunda da nauyi ake biyan kuɗin jirgi, ɗan kasuwa kan so rage ruwa. Ga babban kifi wannan tsimi ne mai tsada. A kuma tanadi takardar shaidar lafiya daga hukumar NAQS tun kafin a cika leda.

Haɗari na ƙarshe yana wajen buɗewa. Iskar da kifi ya fitar a hanya tana sa ruwan tsami, tsamin kuma yana rage dafin amoniya. Da zarar an kwance leda iskar ta fice, dafin ya tashi. Don haka a ɗora ledar a ɗaure bisa ruwan tanki kamar minti 20 har ɗuminsu ya daidaita, sannan a kwance, a cire kifin nan da nan, a zubar da ruwan tafiyar. Kada a ba shi abinci sai washegari.