Amsoshin Tambayoyinku: Garin Suranjan da Ciwon Gaɓoɓi

Tambaya: Mahaifina ya daɗe yana fama da ciwon gwiwa da yatsun ƙafa. Wani mai sayar da magungunan gargajiya ya ba mu wani gari da ya kira suranjan, ya ce saiwar wani fure ce mai kama da albasa, har likitocin Turai ma da ita suke aiki. Gaskiya ne? Kuma ba ta da illa? (Wata mai karatu daga Zariya)

Amsa: Malama, Allah Ya ba Baba lafiya. Mai maganin ya faɗi rabin gaskiya, sauran rabin da bai faɗa ba shi ne mai hatsarin.

Suranjan sunan da tsofaffin likitocin Larabawa da Farisa suka ba dangin wani tsiro ne da masana ke kira kolcikum. Sanannen cikinsu a Turai yake fitowa, yana fidda fure mai launin shunayya a lokacin kaka, sa'ad da ganyensa ya riga ya bushe. Amfani da shi ba yau aka fara ba, Ibn Sina ma ya ambace shi a maganin ciwon gaɓoɓi. A shekarar 1820 wasu masana biyu na Faransa, Pelletier da Caventou, suka tace sinadarin da ke aikin a cikinsa, wato kolcisin. Shi ne yau ake bayarwa a asibiti a matsayin ƙwaya.

Sai dai ba kowane ciwon gaɓa yake wa magani ba. Inda aka tabbatar da amfaninsa shi ne ciwon da likitoci ke kira gawut, wanda ke tasowa idan sinadarin yurik asid ya yi yawa a jini ya daskare cikin gaɓa. Mai wannan ciwo yakan kwanta lafiya, tsakar dare ya farka babban yatsan ƙafarsa ya kumbura, ya yi ja, ya yi zafi, ko mayafi ba ya so ya taɓa wurin. Kolcisin yana hana fararen ƙwayoyin jini yin dafifi a gaɓar, sai kumburin ya lafa. Ba ya rage yurik asid ɗin kansa, wannan aikin wasu magunguna ne irin su alofurinol. Ciwon gwiwar tsufa kuwa, wanda guringuntsi ne ke cinyewa, ba a samu hujja mai ƙarfi cewa kolcisin na warkar da shi ba. Don haka kafin komai, a kai Baba a duba wane iri ne ke damunsa.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne maganar awo. A wani bincike da aka wallafa a 2010 a Amurka, an ba wasu masu gawut miligiram 1.8, wasu kuma miligiram 4.8. Sauƙin da suka samu kusan ɗaya ne, amma kusan kashi 77 cikin 100 na masu shan mai yawan sun yi gudawa, alhali a ɗaya rukunin kashi 23 ne. Dubi yadda miligiram 3 kacal ya sauya lamarin. To, yaya mai auna gari da cokalin shayi zai san abin da ya zuba? Yawan sinadarin ya bambanta daga saiwa zuwa saiwa, daga iri zuwa iri, kuma shanya ko tafasa ba sa kashe dafinsa. Duk hujjar kimiyyar da mai maganin ya jingina da ita a kan ƙwaya mai awo aka kafa ta, ba a kan garin da ke ƙunshe a leda ba.

Idan kolcisin ya yi yawa a jiki, yakan hana ƙwayoyin halitta rarrabuwa, shi ya sa yake fara taɓa hanji da ɓargo. Ranar farko amai ne da gudawa da murɗar ciki. Wani lokaci sai a ga kamar an samu sauƙi, iyali su saki jiki, alhali cikin kwana biyu zuwa bakwai ne ƙoda da hanta da zuciya ke iya gazawa, jini ya yi ƙasa. Wanda ya tsira, gashinsa kan zube daga baya. Har yau asibitoci ba su da takamaiman makarin wannan dafi, taimaka wa jiki kawai ake yi. A Turai mutane sun mutu saboda sun tsinki ganyen kolcikum suna zaton tafarnuwar daji ce. Tsofaffi da masu ciwon ƙoda ko hanta sun fi kowa shiga haɗari, haka ma mai shan wasu magunguna irin su kilaritromaisin, domin suna sa kolcisin ya taru a jini. Mai juna biyu da ƙananan yara kada su kusanci garin ko kaɗan.

A namu dajin ma akwai mai irin wannan dafi: wani tsiro mai yaɗo, da fure ja da rawaya mai lanƙwasassun baki, wanda wasu ke kira gatarin kurege. Saiwarsa na ɗauke da kolcisin, kuma a Indiya da Siri Lanka an samu waɗanda suka ci ta bisa kuskure suna zaton doya ce, wasu suka rasa rayukansu.

Shawarata, kada Baba ya sha garin nan. Idan kuwa ya riga ya fara, a dakatar yau. In ya yi amai ko gudawa bayan sha, kada a tsaya jiran gari ya waye, a kai shi asibiti tare da ragowar garin da duk magungunan da yake sha. Idan gwaji ya nuna gawut ne, likita zai duba lafiyar ƙodarsa sannan ya rubuta masa ƙwayar da awon da ya dace da shi.