Tsara Lokutan Shuka da Dashen Kayan Lambu a Yankin Lafiya

Gabatarwa

Manoman lambu da yawa a yankin Lafiya, Jihar Nasarawa, kan sayi iri mai kyau, su zuba taki, su yi ban ruwa, amma amfanin da suke samu ba ya mayar da kuɗin da suka kashe. Sau da yawa dalilin shi ne rashin yin shuka a kan lokaci. Wasu kan bi lokutan manoman Kano da Zariya, alhali yanayin wuraren ba ɗaya ba ne. Wannan darasi zai nuna maka yadda za ka tsara aikin lambunka bisa yanayin yankinka.

Yanayin Lafiya

A Lafiya ruwa yakan sauka a watan Afrilu, ya ɗauke a ƙarshen Oktoba, kuma ya fi yawa a Agusta da Satumba. A Kano kuwa damina ba ta kankama sai Yuni. Hunturun Lafiya gajere ne, ƙarfinsa a Disamba da Janairu yake. Daga tsakiyar Fabrairu zafi ke shigowa, ya tsananta a Maris. Ke nan kana da doguwar damina, amma lokacin sanyinka kaɗan ne. Wanda ya bari wannan sanyi ya wuce shi, sai ya jira baɗi.

Noman rani: fara lissafi daga lokacin fure

Tumatir yakan zubar da fure idan zafin rana ya kai wajen digiri 35, musamman idan dare ma bai yi sanyi ba. Don haka ka tsara aikinka yadda furen zai faɗo cikin Disamba da Janairu. Ga yadda lissafin yake:

1. Yafa iri a wurin reno: tsakiyar Oktoba.
2. Dashe: bayan mako 4 zuwa 5, wato tsakiyar Nuwamba.
3. Fure: mako 3 zuwa 5 bayan dashe.
4. Tsinkar farko: ƙarshen Janairu, ta ci gaba cikin Fabrairu.

Idan ka jinkirta yafi zuwa Janairu, dashe zai faɗa Fabrairu, fure kuma ya haɗu da zafin Maris. Shuka za ta yi ganye sosai, amma 'ya'yan ba za su taka kara su karya ba.

Tattasai da attarugu sukan yi mako 6 zuwa 8 a wurin reno, saboda haka a yafa su tun farkon Oktoba. Albasa ma mako 6 zuwa 8 take bukata. A yafa ta a Oktoba, a dasa a farkon Disamba, domin ta yi ganye cikin sanyi, ta ƙosa cikin zafin Maris. Kabeji da latas a dasa su a Nuwamba. Karas ba a dasa shi, kai tsaye ake shuka shi cikin fangali.

Da yake ana iya samun ruwan sama a Oktoba, ka yi wurin reno a kan tudu, ka ɗaga shi kamar santimita 15, ka yi masa rumfar ciyawa. A cire rumfar mako guda kafin dashe don tsiron ya saba da rana, kuma a yi dashen da yamma. Kada ka yi reno a fadamar da ruwa bai gama janyewa ba. Ambaliyar Kogin Binuwai ta 2012 da ta 2022 ta cinye gonaki da dama a kudancin jihar.

Noman damina

Kada ruwan farko ya yaudare ka. Yakan sauka a Maris ko farkon Afrilu, sannan ya ɗauke na kwanaki, iri ya mutu a ƙasa. Jira sai an yi ruwa mai ƙarfi sau biyu ko uku a jere, ka tona ka ga danshi ya sauka kamar taƙi guda.

Kuɓewa, alayyafo, lalo, rama, yakuwa da yalo su suka fi dacewa da damina. Kuɓewa takan fara bayarwa cikin wata biyu, don haka za ka iya shuka ta sau biyu, a ƙarshen Afrilu da kuma Agusta. Alayyafo yakan isa yanka cikin mako 4 zuwa 5. Ka riƙa yafa shi kaɗan-kaɗan duk bayan mako biyu, kada ya zo maka gaba ɗaya kasuwa ta cika. Tumatirin da zai nuna cikin Agusta da Satumba yana fama da cututtukan ganye da ruɓewar 'ya'ya saboda yawan laima. In za ka noma shi, ka yi kunya mai tudu, ka kafa masa sanduna.

Sauya amfani

Tumatir, tattasai, attarugu da yalo dangi ɗaya ne, kuma cututtukansu ɗaya ne, kamar ciwon yaushi da tsutsar saiwa. Kada ɗayansu ya bi bayan ɗan'uwansa a fili guda. A raba tsakaninsu da masara ko albasa na shekara 2 zuwa 3. Haka kuma a tuge tsohon tumatir a ƙone da zarar an gama tsinka, domin a cikinsa ne tsutsar Tuta absoluta, wadda ta yi mummunar ɓarna a Arewa a 2016, ke fakewa.

Shawara ga malaman gona

Watannin da aka ambata ma'auni ne, kowace shekara da irin tata daminar. Hukumar Hasashen Yanayi ta Ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon shekara. A nemi na Jihar Nasarawa, a bayyana wa manoma kafin Afrilu. A kuma taimaka wa kowace ƙungiyar manoma ta riƙa rubuta ranar saukar ruwa, ranar yafi, ranar dashe da yawan abin da aka girbe. Don ƙarin bayani, manomi ya tuntuɓi malamin gona mafi kusa da shi, ko ofishin Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Jihar Nasarawa, NADP, da ke Lafiya.