Asusun Bashi a Kantin Intanet: Inda Kuɗin Ruwa Yake Ɓuya

Wata baiwar Allah ma'aikaciyar jinya ta rubuto mini daga Bradford a Ingila. Ta ce bara ta sayi injin wanki da firji a wani kantin intanet a kan fam 600, bisa tsarin da aka ce ta ɗauki kaya yanzu, ta biya cikin wata 12 ba tare da ruwa ba. Ta yi ƙoƙari ta biya fam 400. Ranar da wa'adi ya cika tana fama da aikin dare, sam ba ta lura ba. Da takardar bayanin asusu ta iso, sai ta ga an ɗora mata kusan fam 80 a kan ragowar fam 200. Ta ce: "Malam, cutata aka yi ko ni ce ban gane ba? Kuma yaya zan fita?"

Ƙanwata, sannu da wannan ɓacin rai. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka ki cire kunya tukuna. Abin da ya same ki yana samun mutanenmu da yawa da suka je Ingila aiki ko karatu, kuma tushensa guda ne: mun ɗauki asusun kanti tamkar littafin bashin mai shagon unguwa, alhali ba su haɗa hanya ba.

A gida, mai shago ya san mijinki, ya san gidanku. Ya rubuta miki mudu biyu na shinkafa da galan ɗin mai a bayan littafi, ƙarshen wata ki biya abin da ya rubuta, ko sisi ba ya ƙarawa. In wata ya zo da nauyi, a ba shi haƙuri. Dillaliyar da ke kawo atamfa gida-gida ma ta yanke kuɗinta tun ranar farko, kina biya kaɗan-kaɗan har ki gama. Asusun kantin intanet kuwa yarjejeniyar lamuni ce a rubuce. Sau da yawa ma ba kantin ne ya ba ki bashin ba, wani kamfanin kuɗi ne, ko reshen kantin ko wani banki daban. Ranar da kika latsa "na amince", kin sa hannu a takardar da doka ta san da ita. Su kansu Turawan Ingila sun daɗe da wannan ciniki. Littlewoods ya fara sayar da kaya ta kundin hotuna a Liverpool tun 1932, mata suna biya mako-mako. Very, wanda ya fito a 2009, daga wannan gidan yake. Next da Argos ma kowanne yana da irin nasa asusun. Abin da intanet ya canza shi ne sauri, domin bashin da a dā sai an cike takarda an jira, yanzu cikin minti biyu an buɗe miki shi kina kwance a ɗaki.

Idan kin nemi asusun, za su binciki tarihinki a wurin kamfanonin da ke ajiye bayanan masu cin bashi. Uku ne manya a Ingila: Experian da Equifax da TransUnion. Daga nan su yanke miki iyaka, misali fam 750 ko 1,000. Wannan iyakar ba kuɗinki ba ce, tsawon igiyar da suka yarda su sakar miki ne. Duk abin da kika saya ana cirewa daga ciki, duk abin da kika biya yana komawa, shi ya sa asusun ba ya rufe kansa ko kin gama biyan kayan farko.

Hanyoyin biya galibi uku ne a cikin asusu guda, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Akwai raba kuɗin kaya gida uku a biya cikin wata uku ba ruwa, kamar tsarin Take 3 na Very. Akwai jinkirta biya na wata 6 ko 12, wanda kika shiga. Sannan akwai biyan wata-wata da ruwa, inda duk wanda ya kuskure na farko ko na biyu yake faɗawa. Ruwan irin waɗannan asusai yana da tsada ƙwarai. Ki duba inda aka rubuta APR, wato adadin ruwa na shekara. A wasu kantunan ya kai kashi 40 cikin 100, wani wurin ma ya haura, nesa da abin da banki ke karɓa a kan rance na yau da kullum.

Yanzu ga asalin fam 80 ɗinki. A tsarin jinkiri, ba a yafe ruwan ba, lissafa shi ake yi a gefe tun ranar da kika sayi kayan. In kin biya komai kafin wa'adi, sai a shafe shi. In ko kwana ɗaya ya wuce da saura a kanki, sai a kwaso ruwan shekara guda a ɗora. Fam 200 a kan kashi 40 na tsawon shekara, kusan fam 80 ke nan. Kuma ki gode Allah a Ingila kike. Tun watan Nuwamba na 2019 hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi ta hana a lissafa ruwan baya a kan abin da mutum ya riga ya biya, sai a kan ragowar kaɗai. A Amurka, katunan kantuna da yawa har yanzu suna komawa su lissafa tun daga ainihin kuɗin kayan, ko da dala goma ce ta rage. Da ba ki biya komai ba cikin shekarar, da kusan fam 240 za ki gani.

Amsar tambayarki ta farko ke nan: bisa doka ba a cuce ki ba, sharaɗin yana cikin takardar. Amma ni ban wanke su ba. An rubuta "ba ruwa" da manyan baƙaƙe, an tura sharaɗin can ƙasa da ƙanana, kuma kamfanin ya san sarai cewa ribarsa tana wurin wanda ya manta ranar. Akwai abu ɗaya da nake so ki bincika yau. Ƙa'idar FCA ta wajabta musu su tunatar da ke kafin wa'adi ya ƙare. Ki buɗe imel ɗinki, har da akwatin tarkace, ki duba saƙonnin waya da na cikin manhaja. In babu wata tunatarwa, ki rubuta musu ƙorafi. Suna da mako 8 su ba ki amsa ta ƙarshe. In ba ta gamsar da ke ba, ki kai wa Financial Ombudsman Service cikin wata 6, kuma kyauta ne. Ko da sun aiko, ki kira su ki faɗi gaskiya cewa kin biya kashi biyu cikin uku kuma karon farko ne. Wani lokaci ana rage wa mutum in ya tambaya da ladabi.

Tarko na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, shi ne "mafi ƙarancin biya" da ake nuna miki kowane wata. Ido yana sauka a kansa domin shi ne ƙaramin adadi a shafin. Ki ɗauka ana bin ki fam 600 a kan kashi 40. Ruwan wata guda ya kai kamar fam 17. In kika biya fam 25, fam 8 kacal ya taɓa uwar kuɗin. Haka mutum zai shekara yana biya ba fashi, yana ganin kansa mai cika alkawari, bashin kuwa yana nan kamar an kafa shi. Abin ya yi yawa har hukuma ta sa doka cewa duk wanda ya yi wata 18 yana biyan ruwa da tara fiye da abin da yake ragewa daga uwar kuɗi, dole kamfani ya tuntuɓe shi. Duk wanda irin wannan wasiƙa ta zo masa, kada ya jefa ta a shara.

Akwai kuma wani abu da na ga ya kayar da masu lissafi ma. A wasu kantuna, kayan da ke kan jinkiri ba ya cikin mafi ƙarancin biyan wata. In kina da takalmin yara a kan tsarin wata-wata da firji a kan jinkiri, kika tura fam 50 ba tare da kin zaɓi inda za a sa ba, kuɗin zai iya tafiya ga takalmin, firjin yana nan cif. Kowane biya, ki shiga ki nuna kayan da kike nufi, sannan ki ɗauki hoton shafin ki ajiye.

Mayar da kaya ma yana da nasa. Doka ta ba mai saye ta intanet kwana 14 daga ranar da kaya ya iso ya ce ya fasa, ban da wasu 'yan kayayyaki. Amma har sai kantin ya karɓa ya cire daga lissafi, bashin yana kanki. In ranar biya ta zo kafin nan, ki biya, za a daidaita daga baya. Rasit ɗin gidan waya ko na mai karɓar kaya kuwa ki adana shi kamar takardar fili.

Me ya sa nake matsawa a kan ranar biya? Tarar jinkiri ba ta da yawa, galibi ba ta wuce fam 12. Tabon da take bari ne matsala. Biyan da aka kuskure yana shiga tarihinki, kuma in abin ya kai ga an rubuta cewa kin gaza biya, shekara 6 yana nan. Ranar da za ki nemi hayar gida mai kyau, ko kwangilar waya, ko rancen sayen gida ko da a bankin Musulunci ne, za a buɗe a gani. Kamfanin raba biya na Klarna ma, da mutane ke ɗauka wasa ne, tun 2022 yake kai rahoton masu hulɗa da shi a Ingila. Sabon zuwa ya fi kowa rauni a nan, domin tarihinsa gajere ne, kuskure ɗaya sai ya cika shafin.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna a tsakaninmu. Ƙawa ko ɗan'uwa ya zo ya ce, "Yaya, ni sun hana ni, ki ɗaukar mini talabijin da asusunki, zan riƙa turo miki." Zumunci ya sa ki kasa cewa a'a. Ki sani kamfani bai san shi ba, sunanki ya sani. In ya yi jinkiri, ke kika yi jinkiri. Na ga inda irin wannan ya raba aminai da suka taso tare tun firamare, a kan kayan da bai kai albashin mako biyu ba. In kina da hali ki taimaka masa da abin da za ki iya haƙura da shi daga aljihunki, ya fi miki alheri.

Na san kuma akwai nauyin da ba ki ambata ba, wato batun riba. Galibin malamai sun halatta sayar da kaya bashi a kan farashin da aka yanke tun farko, ko da ya ɗara na kuɗi hannu. Ƙarin da ke hauhawa saboda jinkiri kuwa shi ne abin da aka hana. Inda suka saɓa shi ne sa hannu a yarjejeniyar da ke ɗauke da sharaɗin ruwa ga wanda ya ƙudurta biya kafin wa'adi. Wannan ki kai wa malamin da kika amince da iliminsa, ki nuna masa takardar kanta, ba labarinta ba. Ni dai a ra'ayina, adashin da ma'aikatan jinya ke yi a tsakaninsu ya isa ya sayi firji cikin 'yan watanni ba tare da wannan zullumi ba.

Masu karatu na gida kada su ce wannan labarin Turai ne. Sayen waya a biya kaɗan-kaɗan ya shigo kasuwanninmu, ana karɓar lambar BVN, ana ba da wani kaso a fara, wasu wayoyin ma kulle kansu suke yi in an kuskure biya. Najeriya tana da nata ma'ajiyan tarihin bashi, irin su CRC da FirstCentral. Tambayar da za ka yi wa mai shago guda ce: in na gama biya, jimla nawa na biya, kuma nawa ne kuɗin wayar in da hannu zan saya?

Ke kuma ƙanwata, ga yadda za ki fita. Yanzu ana bin ki kusan fam 280, kuma ruwa yana hawa kansa duk wata, kamar fam 8. Kada ki sake sayen ko allura da asusun. In za ki iya biya gaba ɗaya da albashin wannan watan, ki yi, ko da za a ɗage wani abu. In ba zai yiwu ba, ki raba shi gida uku, ki sa banki ya riƙa turawa da kansa washegarin ranar albashi, ba ranar ƙarshe ba. In sun aiko cewa sun ƙara miki iyaka, kina da ikon ƙi, ki ƙi. Idan kuma akwai wasu basussukan da ba ki faɗa mini ba har abin ya fi ƙarfinki, StepChange da Citizens Advice suna ba da shawara kyauta, kuma suna iya taimaka miki ki daidaita da masu bin ki. Kada ki ba kowa kuɗi don ya "gyara" miki tarihi.

In kin gama, ki nemi takardar da ke nuna asusun ya koma sifili. Bayan wata biyu ki duba tarihinki a ɗaya daga cikin kamfanonin nan uku, kyauta ne, ki tabbatar an rubuta an biya. Ki sake rubuto mini in ji yadda kuka ƙare da batun tunatarwar.