Wasannin Motsa Jiki a Matsayin Darasin Harshe a Ajin Share Fage

Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2004, ta tanadi cewa wasa ne babbar hanyar koyar da yaran da ba su isa shiga firamare ba. Sai dai a makarantu da dama an ɗauki wasa a matsayin lokacin hutun malami. Akan saki yara a fili da ƙwallo, malama ta koma inuwa, su yi ta guje-guje har a kaɗa ƙararrawa. Jiki ya motsa, amma harshen yaro bai ƙaru da komai ba, alhali a filin nan ne ya fi sauƙin kama ma'anar aikatau, domin da jikinsa yake aikata abin da kalmar take nufi.

A ɗauki misalin jifan ƙwallo. Malama za ta tsayar da yara a da'ira, ta shiga tsakiya. Idan ta ce wa yaro "jefa wa Ladi", ƙwallo ta yi nesa da mai magana. Idan kuwa ta ce "jefo mini", ƙwallo ta nufo ta. Wannan ɗafa-ƙeyar "-o" ita ce alamar aikatau na giredi na shida a rabe-raben da Parsons ya yi a 1960, wanda yake nuna aikin da ya doso wajen mai magana. Ɗalibin kwaleji kan sha wahala kafin ya iya bayanin wannan a jarrabawa, amma ɗan shekara huɗu yakan gane shi cikin 'yan mintoci, muddin akwai ƙwallo a hannunsa. Daga nan sai a wuce ga "buga" da "bugo", "tura" da "turo", "mirgina" da "mirgino". Sharaɗin kawai shi ne kada malama ta nuna da hannu. Da zarar ta yi nuni, yaro zai bi hannun ya bar sauraron kalmar.

Haka nan amsa-kama. A wasan tsere ana iya cewa su tsaya cak, su zauna, su miƙe zumbur, su yi tsit. Wanda ya cafe ƙwallo a ce ya cafe ta caraf. Irin waɗannan kalmomi ba su koyuwa a kan allo. Ƙidaya ma takan shigo: tsalle ɗaya, tsalle biyu, har zuwa biyar.

Wajibi ne a lura da shekaru wajen zaɓen wasa. Langa ta fi ƙarfin ɗan shekara uku, wanda da ƙyar yake tsayuwa da ƙafa ɗaya, carafke kuma tana buƙatar saurin yatsun da bai samu ba tukuna, ga haɗarin kai tsakuwa baki. 'Yar gala-gala kan yi daidai da 'yan shekara biyar idan aka rage gidajenta. Ƙwallon tsumma ta fi ta fata dacewa, don ba ta jin ciwo kuma ba ta cin kuɗi. Wasan da ake fitar da wanda ya kuskure ma bai dace da wannan aji ba, saboda yaron da zai fara fita shi ne wanda bai gane umurnin ba, wato wanda ya fi kowa buƙatar a maimaita masa.