WA YA JE CAN YA AUNO NISAN TAURARI?

Ana yawan turo min wannan tambaya, wasu ma har suna cewa zancen nisan taurari tatsuniyar Turawa ce ko wani reshe na duba. A'a. Duba shi ne da'awar sanin gaibu ta hanyar taurari, kuma haramun ne. Wannan kuwa lissafi ne zalla, irin wanda muke fitar da lokutan sallah da shi.

Miƙa hannunka, ɗaga babban yatsa. Rufe idon dama ka dube shi, sannan ka buɗe ka rufe na hagu. Ka ga kamar yatsan ya yi tsalle? Matso da shi kusa da hanci, tsallen zai ƙaru. Haka in kana cikin mota a hanyar Kankiya zuwa Katsina: itatuwan bakin titi na wucewa fuu, na can nesa kuwa kamar ba sa motsi. Abu na kusa gocewarsa babba, na nesa ƙarama. In ka san tazarar idanun biyu da girman gocewar, nisa ya fito.

To amma taurari sun yi nisan da ko ka tsayar da mutum ɗaya a Kankiya, ɗaya a Kusada, ba za su ga bambancin komai ba. Sai masana suka yi dabara. Duniya na kewaya rana, saboda haka in an auna tauraro yau, aka sake bayan wata 6, an dube shi daga wurare biyu masu tazarar kilomita miliyan 300. Da haka wani Bajamushe, Friedrich Bessel, ya fitar da nisan wani tauraro a 1838.

Ɗauki Shi'ira, wadda aka ambata a Suratun Najmi. Duk gocewarta ba ta wuce faɗin ƙwandala da aka hango daga kilomita 5 ba, alhali tana cikin na kusa! Haske na cin kilomita 300,000 a daƙiƙa, daga rana minti 8 da 'yan kai ya iso mu, amma nata sai ya shekara 8 da rabi a hanya.

Kaza da 'ya'yanta kuwa, wato Surayya, da manomanmu ke duba don gane lokacin damina, ta ninka wannan nisa kusan sau 50. Subhanallah. Hasken da za ka gani daren nan ya baro ta kimanin shekara 440 da suka wuce, tun saura fiye da shekara 150 a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.