CIWON ZUCIYA DA ZUBAR JINI: UWA, KI FAƊA WA LIKITA GASKIYA

Ya ke uwa, karanta wannan, ko ki sa a karanta miki.

Zuciya takan gaji ta kasa harba jini sosai. Wannan ciwo yakan kama mata a ƙarshen ciki ko cikin watannin jego. Alamunsa su ne haki, kumburin ƙafa, tarin dare, da kasa kwanciya sai an tara matasai.

Idan zuciya ta yi rauni, jini yakan yi gudaji a cikinta. Gudan yana iya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Saboda haka likita yakan ba wasu maganin tsinka jini, irin su wafarin. Maganin nan yana ceton rai, amma in ya yi yawa jini ba ya tsayawa da wuri.

YAYA LIKITA ZAI SAN WADDA JINI ZAI ZUBAR WA?

Likita ba duba yake yi ba, da amsarki yake lissafi. Zai tambaye ki:

1. Kina da hawan jini da ya haura 160?
2. Kina da ciwon ƙoda ko na hanta?
3. Ɓarin jikinki ya taɓa shanyewa?
4. Kin taɓa zubar da jini mai yawa, ko an ce jininki ya yi ƙasa?
5. Awon jininki yana hawa yana sauka?
6. Kina shan asfirin ko wani maganin ciwon jiki?

Shekaru fiye da 65 ma abin lissafi ne, don haka ki kula da kakar yara in tana shan maganin. Kowace "i" maki ce. In maki ya kai 3, sai a ƙara sa miki ido, a gyara abin da zai gyaru. Ba lalle a hana ki maganin ba.

ABIN DA ZA KI KIYAYE

• Ki zo awon jini ranar da aka sa miki. Da shi ake daidaita yawan ƙwayar.
• In kumburi ya ƙaru, ki dawo. Hanta takan cika da jini, sai maganin ya ƙara ƙarfi.
• Kada ki sayi asfirin, ibuprofen ko diclofenac a kemis. Jiƙo da gari ma sai kin tambaya.
• Ban da ƙaho, ban da tsaga, ban da yankan gishiri. Cire haƙori ma sai likita ya sani.
• Zogale da alayyafo suna rage ƙarfin wafarin. Ki ci abinki, amma daidai yadda kika saba kullum.
• Ki bar kunun kanwa, ki rage gishiri. Suna tara ruwa a jiki.
• Wafarin yana iya cutar da ɗan tayi. In kin yi ɓatan wata, ki zo nan da nan. Shayarwa kuwa ba laifi.

GARZAYO ASIBITI, KO DA TSAKAR DARE NE, IN KIN GA:

• haɓo ko jinin dasashi da ya ƙi tsayawa bayan minti 10;
• bayan gida baƙi kamar kwalta, ko aman jini, ko jan fitsari;
• jinin biƙi ko na al'ada da ya wuce kima;
• matsanancin ciwon kai, ko kin faɗi kin bugu a ka.

Kada ki daina maganin da kanki, kada ki ƙara. Ki riƙa yawo da katinki, ki nuna wa maigida wannan takarda.

RIGAKAFI YA FI MAGANI.

Ma'aikatar Lafiya ta Jiha